DARASI NA TARA: AUNA HAƊARIN ZAFTAREWAR DUSAR ƘANƘARA A TSAUNUKA

1.0 Gabatarwa

Duk shekara, daga watan Disamba zuwa Afrilu, gidajen rediyo sukan kawo labarin zaftarewar dusar ƙanƙara a tsaunukan Turai da Asiya da Arewacin Amurka. Mai sauraro yakan ji adadin waɗanda suka rasu, amma ba kasafai yakan ji abin da ya haddasa al'amarin ba, balle yadda mutanen can suke auna haɗarin kafin su hau dutse. A tsaunukan Alps kaɗai, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Jamus da Ostiriya, kimanin mutum 100 ne suke rasa rayukansu ta wannan hanya kowace shekara.

Ƙanƙarar da Bahaushe ya sani ita ce mai faɗowa da damina kamar tsakuwa, ta narke nan da nan. Dusar ƙanƙara kuwa takan zubo ne sannu a hankali kamar audugar rimi, ta kwanta a kan duwatsu har tsawon watanni. A wannan darasi za a yi bayanin yadda take taruwa, da dalilin da ke sa ta zaftare, da hanyoyin da masana suka tsara na auna haɗarinta. Domin taƙaitawa, za a riƙa kiranta dusa kawai.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana ma'anar zaftarewar dusa da ire-irenta;
(b) bayyana yadda shimfiɗa mai rauni take samuwa a cikin jibgin dusa;
(c) kawo abubuwan da ake dubawa wajen auna haɗari;
(d) tsara yadda zai koyar da wannan batu ga yaran da ba su taɓa ganin dusa ba.

3.0 Ƙumshiyar Darasi

3.1 Ma'ana da Ire-iren Zaftarewa

Zaftarewar dusa ita ce ɓallewar tarin dusa daga gangaren dutse da kwararowarsa ƙasa da gudu. Masana sun kasa ta gida uku. Ta farko ita ce ta sakakkiyar dusa, wadda takan fara daga ɗigo guda, tana gangarowa tana faɗi kamar bakin mazurari. Ta biyu ita ce ta katifa, inda wani babban yanki na dusar da ta haɗe jiki yakan tsage ya sulluɓo gaba ɗaya a lokaci guda. Ta uku ita ce ta jan ciki, inda jibgin duka yakan zame a kan ciyawa ko santsin dutse.

Ta katifa ita ce mafi kisa, domin ita ke da alhakin fiye da kashi 90 cikin 100 na mace-macen. Tsagewar kan faru ne sama da inda mutum yake tsaye, ya wayi gari yana tsakiyar abin da ke tafiya. Cikin 'yan daƙiƙoƙi gudunta yakan wuce kilomita 100 a awa.

A da, ƙauyuka da hanyoyi zaftarewa ta fi yi wa ɓarna. A hunturun 1950 zuwa 1951 mutum 98 suka rasu a Suwizalan, kuma ranar 23 ga Fabrairu, 1999 ta kashe mutum 31 a ƙauyen Galtur na Ostiriya. Shingayen ƙarfe da aka kakkafa a kan duwatsu da dokokin hana gini a mashigar dusa sun rage irin wannan asara ƙwarai. Yawancin masu rasuwa a yau su ne masu hawan dutse da masu wasan zamiya da suke barin filayen da ake kula da su, su shiga jejin tsaunuka inda babu mai gyara kuma babu mai tsaro. Bincike ya nuna cewa a cikin kowane haɗari goma, kimanin tara wanda abin ya rutsa da shi ne ko wani abokin tafiyarsa ya tayar da zaftarewar da nauyin jikinsa. Wannan shi ne tushen ilimin auna haɗari: tun da ƙafar mutum ce ke tayar da ita, zaɓin inda zai taka yana iya tsirar da shi.

3.2 Jibgin Dusa da Shimfiɗunsa

Jibgin dusa shi ne dukkan dusar da ta kwanta a ƙasa tun farkon hunturu. Ba a rana ɗaya take zubowa ba, don haka jibgin yakan kasance hawa-hawa, kowace zuba da tata shimfiɗa. Iska da rana da sanyi da ruwan sama sukan bar alamarsu a kan kowace shimfiɗa kafin wata ta rufe ta. Wato ke nan, jibgin dusa yana ɗauke da tarihin hunturun wannan shekara, kuma mai auna haɗari tarihin yake karantawa.

Abu huɗu ne sukan haɗu kafin katifa ta zaftare: katifar kanta, da shimfiɗa mai rauni a ƙarƙashinta, da gangare mai isasshiyar karkata, da abin da zai tayar da ita. Alal misali, a ɗauka an watsa gero a kan daɓe mai gangare, sannan aka ɗora katifa a kai. Katifar za ta zauna kamar babu komai, amma da zarar yaro ya faɗa mata sai ƙwayoyin geron su mirgina, ta tafi da shi.

Shimfiɗa mai rauni takan samu ta hanyoyi kamar haka:

(a) Ƙwayoyi masu kusurwa. Ƙasar da ke ƙarƙashin jibgi takan tsaya a wajen digiri sifiri na ma'aunin Salshiyas, alhali saman jibgin yana iya yin sanyi fiye da haka nesa ba kusa ba. Idan bambancin ya kai digiri 10 a kowace mita, danshi yakan riƙa tasowa daga ƙasa zuwa sama, ya mayar da ƙwayoyin dusa masu kusurwa, marasa kama juna, kamar sikari. Wannan ya fi faruwa a farkon hunturu, lokacin da jibgin bai yi kauri ba ga kuma tsananin sanyi.

(b) Daskararriyar raɓa. A daren da sama ta yi garau kuma babu iska, raɓa takan daskare a saman dusa, ta miƙe tsaye kamar gashin tsuntsu. Idan sabuwar dusa ta rufe ta a haka, sai ta zama siririyar shimfiɗa mai saurin rushewa.

(c) Ɓawo. Rana ko ruwan sama sukan narkar da saman dusa, dare ya daskarar da shi ya zama ɓawo mai santsi, kuma sau da yawa ƙwayoyi masu kusurwa sukan tsiro a jikinsa.

Irin waɗannan shimfiɗu sukan yi makonni, wani lokaci har watanni, ba su warke ba. Saman jibgin yana fari tas, babu alamar komai, rauni kuwa yana can ciki. Irin wannan Hausawa suke kira lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi.

3.3 Tasirin Yanayi

Sabuwar dusa nauyi ce da aka ƙara wa jibgi. Ƙwararru a ƙasashen Alps suna ɗaukar santimita 30 zuwa 50 na sabuwar dusa cikin kwana ɗaya zuwa uku a matsayin haɗari ko da sauran sharuɗɗa suna da kyau. Idan kuwa ta zubo da iska mai ƙarfi, ko ta sauka a kan ɓawo ko daskararriyar raɓa, santimita 10 zuwa 20 ma sun isa. Ranar farko da gari ya waye garau bayan zubar dusa tana cikin ranaku mafiya haɗari, ga shi kuma ita ce ranar da ta fi jan hankalin masu wasa.

Iska ita ce babbar mai gina katifa. Takan kwashe dusa daga gefen da take bugowa, ta niƙe ta, ta jibge ta a ɗaya gefen da ke fake, kamar yadda iskar hunturu take tara rairayi a bayan katanga. Saboda haka haɗari yana iya ƙaruwa ko da ba a yi sabuwar zuba ba.

Zafi na gaggawa da ruwan sama su ma suna raunana jibgi, domin ruwa yakan ratsa shi ya warware haɗin ƙwayoyinsa. Wannan ne ya sa a watannin Maris da Afrilu masu hawan dutse sukan yi sammako, su sauko kafin rana ta take.

3.4 Sigar Ƙasa

Yawancin zaftarewar katifa tana tashi ne a gangaren da karkatarsa take tsakanin digiri 30 da 45. Ƙasa da digiri 30 da wuya katifa ta zame, sama da digiri 50 kuwa dusa ba ta cika samun zama ba, takan riƙa zubewa kaɗan-kaɗan. Sai dai wanda ke tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri a gindin gangare bai tsira ba, domin tsagewa tana iya tashi daga ƙarƙashin ƙafarsa ta haura, ta saki katifar da ke samansa.

Fuskar gangare ma abin lura ce. A ƙasashen arewacin duniya, gefen da ke kallon arewa ba ya samun rana sosai da hunturu, don haka shimfiɗa mai rauni takan daɗe a can, kuma a can haɗurra suka fi yawa. Har wa yau, akan duba abin da ke ƙasan gangaren. Kwazazzabo ko rafi ko rami sukan tara dusa su binne mutum da zurfi, itatuwa da duwatsu kuma sukan ji masa rauni. A irin wannan wuri ƙaramar zaftarewa ma tana kisa.

3.5 Sanarwar Haɗari da Matakanta

Cibiyar binciken dusa da zaftarewarta da ke garin Davos a Suwizalan ta soma aiki a 1936, kuma tun 1945 take fitar da sanarwar haɗari. A 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni guda mai mataki biyar: 1 ƙarami, 2 matsakaici, 3 babba, 4 mai tsanani, 5 mai tsananin gaske. Amurka da Kanada ma suna amfani da ma'auni mai mataki biyar. Ban da lambar, sanarwar takan faɗi tsawon dutse da fuskokin da haɗarin ya fi yawa, da kuma nau'in matsalar ranar: sabuwar dusa, ko katifar iska, ko daɗaɗɗiyar shimfiɗa mai rauni, ko jiƙaƙƙiyar dusa, ko mai jan ciki.

A Suwizalan kimanin rabin mace-macen suna aukuwa ne a mataki na 3, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma a mataki na 2. Dalili shi ne a mataki na 4 da na 5 haɗarin a bayyane yake, mutane sukan zauna gida. Mataki na 3 kuwa yana tsakiya, sai mutum ya ɗauka da sauƙi, alhali nauyin mutum guda yana iya tayar da katifa a wurare da dama.

Wani jagoran hawan dutse ɗan Suwizalan, Werner Munter, ya tsara hanyar da ake kira uku sau uku. Abu uku ake aunawa, wato yanayi da jibgi, da sigar ƙasa, da mutanen da ke tafiyar. Sau uku kuma ake auna su: a gida lokacin shirin tafiya, da isa yankin, da kuma a bakin kowane gangare. Ya kuma ba da ƙa'ida mai sauƙi: a mataki na 2 a guji gangaren da ya wuce digiri 40, a mataki na 3 wanda ya wuce digiri 35, a mataki na 4 wanda ya wuce digiri 30.

3.6 Binciken Jibgi a Kan Dutse

Sanarwa takan shafi yanki mai faɗi, don haka dole matafiyi ya yi nasa binciken. Alamomi uku ne suka fi ƙarfi: ganin sabuwar zaftarewa a gangare mai kama da wanda za a bi, da tsagewar da ke gudu daga ƙarƙashin ƙafa, da jin wani sauti "dim" a cikin jibgi, wanda ke nuna shimfiɗa mai rauni ta rushe. Ɗaya daga cikinsu ta isa a sauya hanya.

Idan babu alama a fili, akan haƙa ramin bincike da shebur a wuri marar haɗari, a gyara bangonsa, a duba shimfiɗu ɗaya bayan ɗaya. Taurin kowace shimfiɗa da hannu ake gwada shi: a tura dunƙulen hannu, in bai shiga ba a gwada yatsu huɗu, sannan yatsa ɗaya, sannan fensir, sannan wuƙa. Shimfiɗa mai tauri a kan mai laushi ita ce abin tsoro.

Daga nan sai gwajin bugu. Akan yanke ginshiƙin dusa mai santimita 30 a kowane gefe, a ɗora shebur a kansa, a yi bugu goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa, ana lura da bugun da ya sa shimfiɗa ta karye. A 2006 Ron Simenhois da Karl Birkeland suka gabatar da gwajin faffaɗan ginshiƙi mai faɗin santimita 90, wanda ke nuna ko karayar za ta tsaya wuri ɗaya ko za ta ratsa ginshiƙin duka. Karayar da ke ratsawa ita ce mai iya sakin gangare sukutum.

Ramin bincike yana da iyaka. Jibgi yakan bambanta daga wuri zuwa wuri, ko da tazarar mita goma ce, kuma nauyin mutum ya fi isa ga shimfiɗa mai rauni a inda jibgin bai kai zurfin mita ɗaya ba, kamar kusa da duwatsu. Saboda haka ƙa'idar masana ita ce mummunan sakamako yana hana tafiya, amma kyakkyawan sakamako shi kaɗai ba ya ba da izini.

3.7 Halin Ɗan'adam

Ranar 19 ga Fabrairu, 2012, ƙwararrun masu zamiya 16 suka fita daga filin wasa na Stevens Pass a jihar Washington ta Amurka, suka nufi wani gangare da ake kira Tunnel Creek. Sabuwar dusa mai yawa ta kwanta a kan shimfiɗa mai rauni, kuma an yi gargaɗin haɗari a ranar. Katifa ta ɓalle, mutum uku suka rasu. Ba ilimi suka rasa ba, domin da yawansu sun san wurin kuma sun san dusa.

Wani mai bincike, Ian McCammon, ya nazarci haɗurra 715 da suka auku a Amurka daga 1972 zuwa 2003, ya fito da tarkunan tunani da ke sa masani ya yi watsi da abin da ya sani. Daga ciki akwai sabo da wuri, da nacewa a kan cika burin da aka fito da shi, da son burge abokan tafiya, da miƙa wuya ga wanda ake ganin ya fi kowa sani, da rige-rigen taka dusar da ba a taka ba, da samun ƙarfin gwiwa saboda ganin wasu a wurin. Na farkon ya dace da karin maganar nan, sabo turken wawa. Gangaren da mutum ya bi sau ashirin lafiya yana iya ɗauke da jibgi dabam a karo na ashirin da ɗaya.

Maganin da ake koyarwa shi ne a yanke shawara tun a gida kan wuraren da ba za a taka ba, kowa ya sami damar faɗin ra'ayinsa, a riƙa ratsa gangare mai shakka ɗaya bayan ɗaya, saura suna kallo daga amintaccen wuri.

3.8 Idan Ta Auku

Dusar da ta zaftare takan daskare da zarar ta tsaya, wanda ta binne ba ya iya motsa ko hannunsa. Kimanin kashi uku cikin huɗu na masu rasuwa shaƙewa ce ke kashe su. Wani bincike na 1994 ya nuna kashi 92 cikin 100 suna rayuwa idan an tono su cikin minti 15, amma bayan minti 35 kashi 30 ne kacal. Wani kuma na 2024 a kan alƙaluman Suwizalan ya nuna damar takan fara raguwa tun bayan minti 10. Ma'aikatan ceto ba sa isowa cikin wannan lokaci, don haka abokan tafiya su ne masu ceto. Kowa yakan ɗauki abu uku: na'urar nema mai aikawa da karɓar sigina, da sandar lalube, da shebur. Waɗannan kaya ba sa hana binnewa, kuma ba sa hana karaya.

4.0 Dabarar Koyarwa

Malami yana iya kawo allo, da garin alkama, da sikari. A shimfiɗa gari a kan allon a danne, a barbaɗa sikari a kai, a ƙara wani garin a sake dannewa. Sai a riƙa ɗaga gefe ɗaya na allon sannu a hankali, ɗalibai suna lura da inda tsagewa ta fara, wani kuma yana auna karkatar da ma'aunin kusurwa. A maimaita ba tare da sikari ba, a kwatanta. Bayan haka malami ya sa su bayyana abin da suka gani da bakinsu kafin ya ba su keɓaɓɓun kalmomin darasin.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa haɗarin zaftarewa yana ɓoye ne a cikin shimfiɗun jibgi, kuma babu gwajin da zai tabbatar wa mutum cewa gangare kaza ba zai zaftare ba. Matafiyi ba shi da iko a kan yanayi ko jibgi, amma yana da iko a kan hanyar da zai bi. Idan shakka ta yi yawa, sai ya koma wuri mai ƙarancin karkata, ko ya juya gida. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

6.0 Keɓaɓɓun Kalmomi

Jibgin dusa: dukkan dusar da ta taru a ƙasa tun farkon hunturu.
Katifa: shimfiɗar dusa da ta haɗe jiki, mai iya ɓallewa gaba ɗaya.
Shimfiɗa mai rauni: hawan da ƙwayoyinsa ba su kama juna ba.
Karkata: yawan kusurwar gangare da digiri.
Ramin bincike: ramin da ake haƙawa don duba shimfiɗu.

7.0 Auna Fahimta

1. Kawo ire-iren zaftarewar dusa, ka faɗi wadda ta fi kisa da dalili.
2. Bayyana hanyoyi uku da shimfiɗa mai rauni take samuwa.
3. Me ya sa mace-mace suka fi yawa a mataki na 3?
4. Me ya sa kyakkyawan sakamakon ramin bincike ba ya ba da izinin tafiya?
5. Tsara shirin darasi na minti 40 a kan wannan batu don ajin ƙaramar sakandare.